Tsoho mai ciwo huɗu a gado ɗaya: ta ina ake farawa?

Dr. Amina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata matsala da nake so mu baje ta a faifai. Mu ɗauki misalin dattijuwa mai shekara 80: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa, ƙoda kuma ta fara ja da baya. An kwantar da ita saboda nimoniya, wato ciwon huhu. Kwana bakwai ana allura, zazzaɓi ya sauka, numfashi ya daidaita, an rubuta sallama. Amma wadda ta shigo da ƙafarta tana dogara sanda, yanzu sai an ciccibe ta an sa a mota. Ga gyambo a ƙugu, ga fitsarin kwance, dare na yi ba ta gane jikokinta. Ciwon da ya kawo ta ya warke, ita kuwa ta ƙara lalacewa. A ina ake yin kuskuren, kuma me ya kamata a yi tun ranar farko?

Dr. Bashir: Wa alaikumus salam. Kuskuren farko a wajen ɗaukar bayani yake. Muna tambayar yaushe tari ya fara, ba ma tambayar yaya take mako biyu kafin tarin. Wannan tambayar ce ke nuna raunin tsufa, kuma raunin tsufa daban yake da yawan shekaru, daban yake da yawan cututtuka. Akwai ɗan 85 da ke zuwa gona, akwai ɗan 68 da ba ya iya tashi daga tabarma. Ma'anarsa ita ce ajiyar ƙarfin jiki ta ƙare, ta yadda ƙaramin abu kamar sanyin fitsari, sabon magani ko taurin bayan gida zai kayar da mutum warwas.

Linda Fried da abokan aikinta a Amurka sun ba da alamomi biyar a 2001: rama ba da niyya ba, kamar kilo 4.5 cikin shekara, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsi. Mai uku ko fiye yana da raunin, mai ɗaya ko biyu yana kan hanya. Amma a bakin gado, ma'aunin Kenneth Rockwood na Kanada ya fi sauƙi, daga 1 zuwa 9, lambar na hawa raunin na ƙaruwa. Mataki na 5, ana taya shi lissafin kuɗi, cefane da shan magani. Na 6, ba ya fita shi kaɗai, har wanka sai an taimaka. Na 7, komai na jikinsa wani ke yi masa. A tuna, yanayinsa na kafin rashin lafiyar ake aunawa, ba yadda yake kwance yau ba.

Sista Rabi: Ranka ya daɗe, in ƙara da cewa in ka tambayi 'ya'ya "yaya ƙarfin Baba?" amsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi, da sauƙi." Sai an sauko da tambayar ƙasa. Yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko ya koma yi a gida? Tun yaushe? Hajiya a tsaye take sallah ko a zaune? Wa ke zuba mata ruwan alwala? Tana iya tsugunawa a bayi ta miƙe, ko fo ake kawo mata? Ta faɗi cikin shekarar nan, sau nawa? Zanenta ko siket ɗinta ya yi mata yawa? Sannan a tambayi wanda ke kwana da ita, jika ko suruka, domin babban ɗan da ya zo da katin asibiti sau da yawa ba a gidan yake zaune ba.

Malam Isa: Ga gwaji biyu da ba sa buƙatar ko sisi, in mara lafiyar na iya miƙewa. A auna mita 4 a baranda, a ce ya yi tafiyarsa ta kullum. In ya wuce daƙiƙa 5, tafiyar ta yi ƙasa. Na biyu, ya zauna a kujera, ya harɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai ya dafa, tsokar cinya ta yi rauni. A rubuta lambar a fayil ranar shigowa, a sake ranar sallama.

Dr. Lawal: Ni ina da ja kan ma'aunin nan na 1 zuwa 9. Tsorona kada ya zama hujjar hana tsoho magani. Da ma ana cewa "ai tsufa ne," yanzu kuma mu ba mutane lamba su fake da ita? Tsohuwar da ta karye a ƙugu, ko tana mataki na 7, aikin tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu ya fi mata alheri fiye da a bar ta kwance wata uku da ɗori. Kwanciyar ce ke kawo gyambo, nimoniya da daskarewar jini a ƙafa.

Dr. Bashir: Gaskiyarka Dakta, kuma karayar ƙugu misali ne mai kyau. Lambar ba ta yanke hukunci. Aikinta ta ce maka wannan mutumin ba shi da rarar da zai ɗauki kuskurenmu, saboda haka a ƙara kula: kada a bar shi da yunwa tun dare ana jiran tiyatar da za a ɗaga, a ba shi maganin ciwo kafin a motsa shi, a zaunar da shi washegarin aiki. Kuma ba a amfani da ita ga matashi mai nakasa tun haihuwa ko wanda shan inna ta taɓa. An gina ta ne a kan masu 65 zuwa sama.

Malam Nasiru: Bari in shigo da batun magani, don a nan ne ɓarna ta fi yawa. Abu na farko, a ce a kawo ledar magungunan gida gaba ɗaya a zazzage a kan tebur. Abin da ke fitowa ya saba: kati uku na asibiti uku, maganin hawan jini amlodifin iri biyu daga kamfani biyu ana shan duka saboda kwalayen sun bambanta, diklofenak na kemis don gwiwa, wani maganin tari, Piriton don barci, gorar jiƙo, da kwalbar da rubutunta ya goge. Ba za ka ga wannan a takardar turowa ba.

Haɗin da ya fi kashe ƙoda shi ne maganin hawan jini lisinofiril, da maganin fitsari irin Lasix ko Moduretic, da diklofenak ko ibufurofen. Maganin fitsari ya rage ruwan jiki, diklofenak ko ibufurofen ya matse jijiyar da ke kai jini matatar ƙoda, lisinofiril ya saki wadda ke fita da shi, sai ƙarfin tacewa ya faɗi. Ƙara gudawa ta kwana biyu ko zafin watan Afrilu a kai, shi ke nan. Duk tsohon da ke amai, gudawa ko ya kasa shan ruwa, a dakatar masa da lisinofiril, maganin fitsari da maganin suga metfomin har ya koma ci da sha na kwana ɗaya zuwa biyu. Diklofenak kuwa a cire shi ɗungurungum.

Sai sarƙar da muke ƙullawa da hannunmu. Amlodifin ya kumbura ƙafa, a ɗauka zuciya ce a ƙara Lasix. Lasix ya sa yawan fitsari da jiri, tsohuwa ta tashi da dare cikin duhu ta faɗi. Ko lisinofiril ya kawo busasshen tari, a ba da maganin tari mai sa barci, ya ruɗa ta. Duk sabuwar alama a jikin tsoho, a fara tuhumar magani kafin a nemi sabuwar cuta.

Dr. Yusuf: Yallaɓai, idan gwajin ƙoda ya dawo kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, yana 90, ai yana cikin ƙa'ida. Me zai sa a rage magani?

Malam Nasiru: Nan ne tarkon, Dakta. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, ramammiyar tsohuwa kuwa ba ta da tsoka. Yi lissafin Cockcroft da Gault: cire shekarunta daga 140, ka ninka da nauyinta a kilo, ka ninka da 1.04 ga mace ko 1.23 ga namiji, ka raba da kiriyatinin. Shekara 80, kilo 45: 60 sau 45 ya ba da 2,700, sau 1.04 ya zama 2,808, raba da 90, ka samu 31. Wato ƙodarta na tace mililita 31 a minti, alhali takardar gwaji ba ta yi mata jan layi ba. A wannan matakin metfomin ba zai wuce miligiram 1,000 a rana ba, in ta sauka ƙasa da 30 a tsayar. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin sai da tsananin taka-tsantsan, in akwai madadi a bar shi. Ko farasitamol, wanda bai kai kilo 50 ba ba a ba shi giram ɗaya sau huɗu. Miligiram 15 a kowane kilo ake lissafawa, ko a tsaya a 500. Duk wannan ba zai yiwu ba sai an ɗora mutum a sikeli, abin da ake yi wa yara kullum amma a manta da tsofaffi.

Dr. Amina: To batun suga da hawan jini fa? Iyali suna tayar da hankali in sun ga suga ya kai 10.

Dr. Bashir: Amfanin matse suga sosai sai bayan shekaru ake ganinsa a ido da ƙoda. Faɗuwar suga kuwa yau take kisa. Ga mai rauni, matsakaicin suga na wata uku ya tsaya wajen kashi 8 ya wadatar. Cikin magungunan suga, Daonil shi ne abin gudu: yana daɗewa a jiki, in ƙoda ta yi rauni ya ƙara daɗewa, tsohon da bai ci tuwon dare ba sai a same shi da asuba a sume. Kuma ba lallai ya yi gumi ko rawar jiki ba, wani sambatu kawai zai yi, wani ɓarinsa ya saki kamar shanyewar jiki. Duk tsohon da ya canza, a soki yatsa tukuna. Ƙasa da 3.9, in yana iya haɗiya, cokalin shayi huɗu na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ba ya iya haɗiya, ta jijiya. Babban kuskure shi ne a sallame shi don ya farfaɗo. Wanda Daonil ya kayar yana iya sake faɗuwa har kwana biyu, sai an riƙe shi da ruwan suga mai kashi 10 ana aunawa.

Jini kuma a auna shi a kwance da a tsaye. Ya kwanta minti 5 a auna, ya miƙe a auna bayan minti 1 da minti 3. In na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, maganin ya yi masa yawa ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Magungunan hawan jini Aldomet da Moduretic, da har yanzu tsofaffinmu da yawa ke kansu, sun shahara da wannan, Moduretic kuma yana saukar da gishirin jini, abin da ke kawo kasala da ruɗewa.

Dr. Lawal: Amma kada mu sassauta har a koma gidan jiya. Shanyewar ɓarin jiki daga hawan jinin da ba a kula da shi ba ita ce ke cika mana gadaje. Tsohon da ke da ƙarfinsa a sauko masa da jini yadda ya kamata.

Dr. Bashir: Ba mu saɓa ba. Ɗan mataki na 2 ko na 3 a bi shi kamar kowa. Sassaucin na wanda ke jiri in ya miƙe ne.

Sista Rabi: Ruɗewar dare da Dr. Amina ta ambata, iri biyu ce. Mai fizge robar ruwa yana ihu, kowa na ganinsa. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai shiru, yana ta barci, ba ya ci, a ce "Baba yana hutawa." Alamar ita ce canji na kwana ɗaya ko biyu, yana zuwa yana tafiya, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tambayar ranar haihuwa ba ta aiki a wurinmu, da yawa ba su san ta ba ko suna lafiya. A ce ya lissafo ranakun mako da baya, daga Juma'a zuwa Asabar, ko a tambaye shi ina muke, wace sallah aka yi yanzu. Sannan a tambayi mai jinya: haka yake a gida?

In an tabbatar, a bi jiki da hannu kafin a nemi allurar barci. A shafa mara, in ta yi tauri kamar ƙwarya fitsari ne ya taru, musamman dattijo mai kumburin furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza, da aka ba Piriton, Buscopan ko amitiriftilin. A tambayi rabonsa da bayan gida. Wani lokaci ruwa-ruwa yake ɗiga a zane, a ɗauka gudawa ce a ba da maganin tsayarwa, alhali busasshen kashi ne ya toshe, sai an sa safar hannu an duba. A duba harshe ko ya bushe, a duba ko ciwo yake ji bai iya faɗa ba. A mayar masa da tabaransa da haƙoransa na roba, a buɗe taga da rana, a rage haske da surutu da dare, a bar fuskar da ya sani kusa da shi. Ɗaure hannu da bandeji a ƙarfen gado ƙara haukata shi yake yi.

Malam Nasiru: Valium kuma na ƙara ruɗewar, ga faɗuwa. Sai dai ga wanda janyewar barasa ta kama ko mai farfaɗiya. In ya zama dole don yana neman ji wa kansa rauni, maganin kwantar da hankali halofiridol rabin miligiram, ba biyar ko goma ba, kuma ba a ba mai ciwon Fakinsin, wato ciwon karkarwar jiki.

Dr. Yusuf: To idan gwajin fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta, a fara magani?

Dr. Bashir: Tsofaffi da yawa, musamman mata da duk mai robar fitsari, suna ɗauke da ƙwayoyin ba tare da ciwo ba. In babu zafin fitsari, ciwon mara ko kwiɓi, zazzaɓi ko alamar cutar ta shiga jini, kada ka tsaya a nan, ci gaba da nema. Amma ka kuma tuna tsoho na iya ɗauke da nimoniya ba zazzaɓi, ko bugun zuciya ba ciwon ƙirji. Ƙirga numfashi na cikakken minti guda. In ya haura 24, akwai magana. Robar fitsari kuwa kullum a zagaye a tambayi dalilin zamanta. Jiƙa zanen gado ba dalili ba ne.

Malam Isa: Mu dawo kan gadon kansa. An yi bincike a Amurka, aka buga a 2007, inda aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana goma. Sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Masu lafiya ke nan, ina ga mara lafiya da ba ya ci? Al'adarmu ta tausayi ma na taimakawa: "Kwanta Baba, kada ka motsa." Tsarin shi ne, da zarar jini da numfashi sun daidaita, ko da robar ruwa a hannu, rana ta farko ya zauna a bakin gado ƙafa na taɓa ƙasa minti 5 zuwa 10. Ta biyu ya koma kujera a kowane cin abinci. Daga nan tashi da zama sau biyar, sau uku a rana, sai taku zuwa ƙofa. A riƙe shi ta ƙugu da zane ko bel, kada a ja shi ta hammata, musamman ɓangaren da ya shanye, kafaɗa na gocewa. Silifas mai santsi a ajiye shi, takalmi mai rufin diddige ya fi.

Sista Rabi: Malam Isa, nas biyu a kan gado talatin da dare ba za su juya kowa duk awa biyu ba, gara mu faɗi gaskiya. Mafita ita ce mai jinya, tunda a asibitocinmu da ma dangi ke kwana. Minti goma ya isa a koya mata. Juyi duk awa biyu: dama, baya, hagu. Ba a kan ƙashin ƙugu sosai ba, a ɗan karkace, filo a baya, filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai rataye bai taɓa katifa ba. A ɗaga da zane mutum biyu, kada a ja. Kuma a baƙar fata ba ja ake gani ba. Wurin yana ƙara duhu kamar shuni, in ka ɗora bayan yatsu ka ji ya fi gefensa ɗumi ko tauri, wani lokaci ya yi laushi kamar nunannen tumatir. Daga nan a ɗauke nauyi daga kansa. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa man zafi. Leda kai tsaye a ƙarƙashin fata na tara gumi, a shimfiɗa zanen auduga a kai.

Hajiya Binta: Ba wanda ya taɓo abinci, alhali tsokar da Malam Isa ke son ginawa da shi ake gina ta. Tsoho mara lafiya na buƙatar kimanin giram 1.2 na abinci mai gina jiki a kowane kilo. Mai kilo 45, giram 54 ke nan a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara kamar 8. Koko zalla da shayi ba za su kai ko'ina ba. A mayar da shi kunun gyaɗa da madara, alala, awara, faten wake, kindirmo, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Wanda ƙodarsa ta sauka ƙasa da 30 a yi shawara da likita kan adadin. Sannan a daina hana ramammen tsoho komai da sunan suga da hawan jini har ya daina ci.

Haɗiya ma a kula. A zaunar da shi sosai, cokali ƙarami, a jira ya haɗiye, ya zauna minti 30 bayan ya gama. In yana ƙwarewa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki, a tsaya a kira ma'aikaci. Ɗura wa mai magagi kunu yana kwance hanyar huhu ce kai tsaye. A wanke masa baki safe da yamma. Wanda kuma ya yi kwana biyar ko fiye bai ci kirki ba, kada a cika shi da abinci ko ruwan suga lokaci guda. A fara da kaɗan, a ba da bitamin B1, a duba gishirin jini.

Dr. Bashir: Ƙarin ruwa ma haka. Mai rauni ko mai ciwon zuciya, mililita 20 zuwa 25 a kowane kilo a rana in ba ya sha. Ga dattijuwarmu leda biyu ce ta 500, ba shida ba. A saurari ƙirji kafin a rataya ta gaba.

Dr. Amina: Saura magana da iyali, wadda muka fi gudu. Ina ganin a zauna da su tun kwana na biyu, da mara lafiyar in hankalinta na nan, a tambaye ta ita me ta fi so: ta iya zuwa bayi da kanta, ciwo ya lafa, ko ta koma ɗakinta. A gaya musu ruɗewa na iya ɗaukar makonni kafin ta washe, kuma ƙarfin da aka rasa a mako guda kan ci watanni. Cibiyar kula da tsofaffi irin ta asibitin koyarwa na Ibadan, da aka buɗe a 2012, ba kowane gari ke da ita ba, don haka aikin na kanmu ne. Me ya kamata ya shiga takardar sallama?

Malam Nasiru: Jerin magani guda ɗaya tak, har da waɗanda aka tsayar da dalilin tsayarwa, in ba haka ba ana isa gida za a koma wa tsohuwar leda. A karɓe tsofaffin ko a ware su a ɗaure. A danganta lokutan sha da sallah, bayan asuba da bayan magariba, Lasix kuma da safe don kada ya hana barci. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe maganin. A sake gwajin ƙoda cikin mako ɗaya zuwa biyu in an taɓa lisinofiril ko maganin fitsari.

Malam Isa: A kuma tambayi ina za ta kwana. Wadda ta yi mako a asibiti ba za ta iya miƙewa daga katifar ƙasa ba. A nemi gadon da in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa, gwiwa daidai da ƙugu. Bayin tsuguno a ɗora masa kujerar roba da aka huda, a kafa ƙarfe ko itacen riƙewa a bango. Tocila a gefen filo, a naɗe tabarmar da ke hanya, fo kusa da gado da dare. Tsawon sanda kuma ya tsaya daidai wuyan hannu in ta saki hannun a tsaye, ta riƙe ta a ɓangaren ƙafar da ta fi lafiya.